Kuɗin da Na Wanke da Tsamiya

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, in ka nemi gidana da sunan da aka raɗa min, sai an yi ta kallon-kallo kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce gidan Malam Mai Anini, ko yaron da bai gama wayo ba zai kama hannunka ya kai ka ƙofar zaure. Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare har na yi ritaya, ba wanda ya laƙaba min sunan alli ko na allo. Tsofaffin kuɗi ne suka ba ni suna, mafarin abin kuwa wata ɓarna ce da na tafka da hannuna.

Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tun zamanin da jirgin Nguru ke tsayawa ana yi masa lodin buhuna. Ni ne jikanta namiji na fari, don haka maigida take ce min. Kullum da safe sai ta tare ni da mitar maigida bai ba da kuɗin cefane ba, in ta gama tsiyarta ta kwance haɓar zane ta ba ni kwabo. Ina ɗan shekara tara aka kawo naira, ran 1 ga Janairun 1973. Muka dawo daga makaranta muna rera mata cewa fam ɗaya naira biyu ne, sule ɗaya kwabo goma. Ta ce ƙarya muke. Sulen da ta sani kwabo goma sha biyu ne, to biyun wa ya cinye? Har ta koma ga Allah ba ta samu wanda ya ba ta amsar da ta gamsar da ita ba, lissafinta kuma bai bar taro da sisi da nai da dala ba. Kuɗin takarda kuwa cewa take yi abin da gara ke ci ba kuɗi ba ne.

Bayan rasuwarta ɗakinta ya zama wurin ajiyar ƙaiƙayi. 'Yan shekaru da ƙirƙiro jihar Jigawa aka yi wata damina mai ruwa, bangon gabas ya zauna. Muna kwashe ƙasa don a sake gini sai fartanyar ƙanena ta bugi wani abu a daidai inda gadon ƙasarta yake. Tukunya ce, an kife bakinta da kasko an shafe da yumɓu.

A kan tabarma muka juye ta. Aninai ne da kwabbai masu huji an shirya su a zare kamar carbi, zaren ya ruɓe, kana taɓawa yana zubewa. Akwai sulalla masu ruwan ɗorawa da kore ya ci gefensu, da wuri cikin tafin hannu biyu, da wasu manyan farare guda biyu masu hoton wata mace mai ƙiba da mayafi. A can ƙasa kuma ga battar taba, a ciki an naɗe sulalla da daloli 31 cikin tsumman saƙi. Waɗannan sun yi baƙi, wasu sun yi wani shuɗi-shuɗi da ja-ja kamar wuyan tattabara.

Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa an tono dukiya a gidanmu. Liman ya zo ya duba, ya ce wannan ba rikazi ba ne da za a fitar da humusi, tunda an san mai shi. Gado ne. Magada kuwa a lokacin Baffana ne da Gwaggona da mu 'ya'yan marigayi mahaifinmu. Baffa ya ɗaga zaren anini ɗaya ya sake shi, ya ce, "Kai ɗan boko, kai ka san inda ake kai irin wannan tarkace. Je ka da su birni, abin da Allah ya bayar a raba." Wato abin da na ɗauka na shiga ɗaki da shi a daren nan amana ce, ba nawa ba ne ni kaɗai.

A tunanina kaya mai kyau shi ke sayar da kansa. Na tambayi maiɗakina da me take wanke tasoshin jerenta, ta ce tsamiya da toka. Na jiƙa tsamiya a kwano, na zauna tsakar gida da fitilar ƙwai, na fara da na cikin batta saboda su suka fi baƙi. In na tsoma na ciro sai in murza da toka, wanda ya yi taurin kai in sa masa yashi, wanda ya ƙi yashi in bi shi da soson ƙarfe. Suna fitowa fari tas, ina jera su a faranti ina jin daɗi, har ina cewa a raina da Iya za ta ga yadda maigidanta ya gyara mata dukiya. Na wanke 24, kananzir ya ƙare, fitila ta mutu. Na kwanta ina jin haushin guda bakwai da suka rage.

Washegari na shiga Kano, na nufi Kasuwar Kurmi, lungun masu takubba da duwatsun wuya da kayan dukanci. Wanda na fara nuna wa ko zama bai ce in yi ba, ya yi wa kayan kuɗin goro gaba ɗaya, yana magana yana kallon wani wuri. Saurin da ya yi ne ya sa na ƙi. Wani mai sayar da linzami ya nuna min rumfar wani dattijo a ƙuryar lungu, ya ce in dai tsohon kuɗi ne, can zan je.

Dattijon ya shimfiɗa wani baƙin ƙyalle, ya juye farare a gefe ɗaya, baƙaƙe a gefe ɗaya. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ɗago.

"Malam, wa ya wanke maka waɗannan?"

Na gyara zama na ce, "Ni da kaina, Baba. Har sha biyun dare ina kai."

Ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Da barci ka yi da ya fi maka."

Ya ciro irin gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, ya zaɓo sule biyu, dukansu na 1913, masu kan Sarki Joji na Biyar da kambi, bayansu bishiyar kwakwa. Ya ce in fara duba wanda na wanke. Abin da idona ke gani fari sumul, a cikin gilashi sai na gan shi kamar inda kaji suka yi tono, zane-zane ta ko'ina, har a kumatun sarkin. Ya miƙo baƙin, ya ce in karkata shi a hankali wajen hasken ƙofa. A ƙarƙashin baƙin nan sai ga wani ƙyalli yana zagayawa kamar wayoyin ƙafar keke in tana juyawa. Kowane ganye na kwakwar a tsaye yake, duwatsun kambin ana iya ƙirga su. Ya ce wannan ƙyallin daga gidan bugu yake fitowa, fatar kuɗin ke nan, sau ɗaya ake yin ta. Baƙin da na tsana riga ce shekaru suka sa masa. Wannan sulen bai taɓa yawo a kasuwa ba, yadda ya fito daga jakar banki haka wani ya adana shi, kuma da alama yawancin waɗanda na murje haka suke kafin su gamu da ni.

Farare 24 ɗin nan a sikeli ya ɗora su, ya ce yanzu ba su da wani kuɗi sai na nauyin azurfarsu, abin da maƙerin farfaru zai biya ya narka ya yi mundaye. Baƙaƙen kuwa ya faɗi abin da zai iya biya a kan biyu daga cikinsu, sai na ji ya ninka na 'yan'uwansu sau da yawa. Na yi lissafin abin da na goge da yashi a dare ɗaya, gumi ya keto min. Na ce to ya saya duka in huta. Ya ce a'a, in mayar da bakwai ɗin gida, mai ɓacin rai ba ya ciniki.

Saura manyan nan biyu, su na sa wa rai, don na ga 1780 a jikinsu. Dariya ya yi har da tari. Ya ce liyari ke nan, kuɗin Mariya Tareza ta ƙasar Ostiriya, kuma 1780 shekarar da ta mutu ce. Fatake daga Habasha da ƙasar Larabawa har Borno da Kano sun saba da shi, ba sa karɓar wanda aka sauya wa ko ɗigo, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar, a Ostiriya da Landan da Rum da Bombay. Wanda aka buga jiya da wanda aka buga zamanin Shehu duk 1780 za ka gani. Ya auna su, kowanne ya doshi giram 28, ya ɗora ɗaya a kan yatsa ya ƙwanƙwasa, ya yi ƙara mai tsawo. Na gaske ne, amma ba abin da zai sa a sayi mota.

Da na dawo ban ɓoye wa Baffa komai ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Garin neman gira ka rasa ido ke nan." Gwaggo ta ce ita dai a ba ta liyari ɗaya ta yi wa jikarta abin wuya. Na raba kuɗin azurfa, sauran kayan kuma na roƙi a yi musu kuɗi in biya daga albashina kaɗan-kaɗan. Wata bakwai ina biya. Mutanen gari suka ce boko ya taɓa Malam, yana sayen kuɗin da ba ya sayen komai.

Daga nan duk hutun makaranta sai na je na yini a rumfar dattijon nan. Bai yi boko ba, amma yana karanta shekara da sunan sarki a jikin kwabo da ya sha hannu fiye da yadda nake karanta allo. Matakinsa huɗu ne. Akwai shafaffe, wanda sai da ƙyar za ka gane ko mene ne. Akwai mai sauran ido, rubutu ya fito amma tudun ya lafa. Akwai mai kaifi, wanda ya ɗan yi yawo ya dawo da kamanninsa. Sai ɗanye, wanda hannu bai ci ba. Shi ya koya min cewa ba a kama kuɗi ta fuska, ta gefe ake riƙewa, kuma ba a duba shi da tsakar rana a fili, sai a inuwa inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya. A sule, kunnen sarki da gemunsa da ɗaurin kambi ake fara dubawa, don tudu shi ke fara cin ƙasa. A kwabo mai huji babu hoton kowa, sai ka duba kambin da ke saman hujin, da inda layukan tauraron nan mai tsini shida ke haɗuwa, wanda mutanenmu ke ce wa hatimin Annabi Sulaimanu. Sannan ka duba bakin hujin kansa. Kwabon da ya shekara ashirin a zare, zaren yakan ci gefe ɗaya har hujin ya koma kamar ƙwai.

Anini shi ya fi shiga raina, shi ya sa sunan ya bi ni. Goma ne ke yin kwabo. Turawa sun kawo shi ne don ya kori wuri, saboda kwabo ya yi wa cinikin daddawa da gishiri girma, mutanen da suka saba ƙirga wuri har keso guda na dubu ashirin ba za su saki nasu ba sai an ba su ƙaramin abu. Na farko, na 1907, da goran ruwa aka yi shi, ba nauyi kamar ɓawon gyaɗa, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Bai jure gumi da damina ba, yana yin fari yana ruɓewa, sai aka koma farin ƙarfe mai ƙwari a 1908. A cikin aninan Iya sama da ɗari uku, biyu kacal na samu na goran ruwa, dukansu kamar ɓera ya gwagwiya. Har yau ban riƙe ɗanyensa a hannuna ba. A jikinsa akwai rubutun Larabci da ke cewa ushurin kwabo ne, saboda a lokacin masu karanta wannan rubutu sun fi masu karanta boko yawa nesa ba kusa ba.

A hankali na gane cewa shekara kaɗai ba ta isa ba. Kusa da huji akwai ɗan harafi da sai da gilashi: H ko KN, gidajen bugu biyu ne a Birmingham, in babu harafi kuma na gidan bugun sarauta ne a Landan. Kwabo biyu masu shekara ɗaya, harafin nan na iya sa ɗaya ya zama na banza ɗaya ya zama abin nema. Na gane ƙarfe ma labari ne. Sulallan Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, azurfa ne daga 1913 zuwa wajen 1920, da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka koma tagulla. Nan na fahimci wayon Iya: masu ruwan ɗorawa ta zuba su haka nan, fararen ta naɗe a batta. Daga 1938 kuma aka riƙa tsaga wani rami a kewayen gefen sule da dala saboda masu zuba na jabu. Ina da na jabun guda uku, fuskarsu da ƙananan ramuka kamar mai zanzana, in ka yar a siminti sai su ce ɗib. Ba zan sayar da su ba, don wanda ya zauna ya haɗa su shi ma ya sha wahala.

Sai da ɗan ƙanwata ya tafi jami'a a Dutse ya dawo da babbar waya na san cewa matakan dattijon nan huɗu, Turawa sun yanka su har 70. Wani Ba'amurke mai suna Sheldon ya fito da ma'aunin a 1949. Akwai kamfanoni a Amurka, irin su PCGS da NGC, da ake aika wa kuɗi su duba su ba shi lamba, su rufe shi cikin roba mai tauri. Daga 60 zuwa sama shi ne ɗanye. Abin da ya ba ni dariya mai ciwo shi ne, kuɗin da aka wanke ko lamba ba sa ba shi, sai dai su rubuta a jikin robar cewa an wanke. Na ce wa yaron ai ni an faɗa min wannan a Kurmi kyauta, da Hausa.

Takardun kuɗi ta hannun Baffa suka shigo min. Shi falken dabbobi ne. A watan Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira ta rufe kan iyaka, yana can cikin Nijar bayan Maigatari da lalita cike. Kwana 12 aka bayar, kuma abin da ya wuce naira 5,000 sai da takardar rantsuwa. Kafin labari ya same shi a ruga, ya biyo ta daji ya iso gida, an rufe. Jaka goma sha ce ta mutu a ƙugunsa, jaka kuwa a bakin 'yan kara naira 200 ce, wato fam ɗari na da. Bai ƙara maganar ba. Sai da ya tsufa ya kira ni ya buɗe adaka, ya ce, "Ɗauke min wannan baƙin cikin daga ɗaki." Da na ɗaga ƙunshin, rabinsa ƙasa ce. Gara ta shiga ta ƙasan adakar ta gina gidanta a cikin Murtala, wato takardun naira ashirin. Na tuna maganar Iya, amma ban faɗa masa ba.

Waɗanda suka tsira a tsakiya su suka koya min duba takarda. Ana ɗaga ta ne a karkace wajen haske a ƙirga karaya: ninki ɗaya a tsakiya daban, ninki huɗu na haɓar zane daban. A duba kusurwa huɗu ko sun murɗe, a nemi hujin allura, a nemi tabon mai. Takardar da ba ta yi yawo ba tana da amo in ka kaɗa ta, kuma in ka shafa hoton za ka ji tawada ta yi tudu. 'Yata ta taɓa ɗaukar guda biyar ta bi su da dutsen guga don ta faranta min, suka miƙe sumul, tudun ya kwanta, amon ya tafi. Na buɗe baki zan yi faɗa sai na tuna kwanon tsamiya, na ce Allah ya yi mata albarka, kar ta ƙara. A Murtala sa hannu nake fara dubawa, domin ta fito ne a Fabrairun 1977 lokacin Malam Adamu Ciroma na gwamnan Babban Banki, shi kuma a tsakiyar shekarar ya bar kujerar. Ina ajiye su ne a tsakanin farar takarda cikin akwatin ƙarfe da na ɗora a kan duwatsu, ba na sa su a leda mai laushi, don tana yin gumi ta manne. Duk ƙarshen damina sai na fito da su sun sha iska a inuwa.

Wahalar wannan suna nawa ita ce ni ne mai kashe wa mutane zance. Duk wanda ya tono kwabo mai huji a gona, gidana zai nufo da murmushi. Mafi yawa na 1936 suke kawowa, mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon Ingila a Janairu ya sauka a Disamba saboda wata Ba'amurkiya da ya nace sai ya aura. Gaskiya ne a Ingila ba a kashe kuɗi da sunansa ba, amma a nan an buga su da yawan gaske, kusan kowace tsohuwar tukunya akwai su. In na faɗi haka sai a ce ina so in saye da arha ne. An yi shekarar da wasu suka zo a mota suna neman kwabon da wai ke jan allura ko shinkafa, wai akwai wani jan sinadari a ciki da Turawa ke saye da miliyoyi, amma sai ka biya kuɗin gwaji. Na yi magana a masallaci, wani maƙwabcina ya ce hassada ce. Ya sayar da sansa na huɗa ya ba su. Shekara biyu ba ya amsa sallamata, kamar ni na tafi da san.

Duk wannan na faɗe shi ne don in iso ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A farkon 2023, lokacin da aka sauya naira 200 da 500 da 1,000 takardar kuɗi ta ɓace, mutane sun riƙa fito da abin da ke ƙarƙashin gado. Wata ranar kasuwa wata tsohuwa daga wani ƙauye da ke gabas da mu ta yi sallama a zaurena, jikanta na riƙe da sandarta. Ta kwance ƙulli, zaren kwabbai ne guda arba'in da wani abu, ta ce na uwarta ne, gero take so ta auna. Na zare su ina dubawa don kar ta ce na raina. Shafaffu ne yawanci. Na ɗauki wani na ga sunan Edward, na ce a raina ga wani kuma, na juya bayansa don in ajiye. Sai na ga 1945.

Na goge gilashi na sake dubawa. Sarkin da ya sauka a 1936 ba shi da abin yi a kwabon 1945, lokacin ƙanensa Joji na Shida ya doshi shekara tara a kan gado. Na san labarin irinsa: a gidan bugu aka yi kuskure aka haɗa tsohon hatimin fuska da sabon na baya. Masu tara kuɗi na ce masa alfadari, don uwa daban uba daban, kuma suna nemansa. Shekara kusan talatin ina juya kwabbai ban taɓa ganinsa ba.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ko ba su da amfani ne?"

Na ce, "Irin waɗanda aka saba kawowa ne, Iya."

Na biya ta kuɗin da nake biyan kowa, har na ƙara mata ɗan abu don raina ya samu abin faɗa, ta yi ta sa min albarka har ta fita. Ni da na yi shekaru ina ba da labarin dattijon Kurmi da ya ƙi sayen sulallana ranar da zai iya samunsu a banza.

Kwana uku ina fito da kwabon in duba in mayar. Ba ya yi min kyau. In na tsaya salla sai lissafinsa ya shigo. Na ce wa kaina ciniki ne, ta sallama na biya. Na ce wa kaina ilimina ne, da kuɗina da shekaruna na saye shi. Amma ba ta tambaye ni nawa zan saya ba, ta tambaye ni ko suna da amfani, na kuwa san amsa na faɗi wata. Ran na huɗu na ɗaura rabin buhun gero a bayan babur, tunda takardar kuɗi ko ni ba ni da ita, na kama hanya ina tambaya.

Da na yi sallama jikan ya leƙo ya koma, na ji ana ƙus-ƙus, ya fito ya ce wai ba ta nan. Na ce ga takalmanta. Sai ga muryarta daga ɗaki: "Malam, in dawo da su ka yi, wallahi kuɗin na ci." Da ƙyar na shawo kanta ta fito. Na zauna a bakin ƙofa na faɗa mata abin da na gani da abin da na ɓoye, na nemi gafara. Ta juya kwabon a tafin hannu, ta kai shi kusa da ido, ta ce ita ba ta ga bambancinsa da 'yan'uwansa ba. Ta tambaya nawa ne kuɗinsa. Na ce gaskiya sai an samu mai saye, kuma zare ya ci hujinsa, a matakin dattijona mai sauran ido ne, bai kai mai kaifi ba. Ɗan ƙanwata ya tura hotonsa ga masu harkar a waje, sun ce ya yi kama da na gaske amma sai an riƙe a hannu, aika shi Amurka kuwa kuɗi ne mai yawa, ga tsoron ya ɓace a hanya.

Muka yi yarjejeniya a gaban mai unguwarsu: kwabo zai zauna a wurina, ranar da aka sayar rabi nata, gero kuma kyauta ne ba ya cikin lissafi. Jikan ya rubuta da ajami a takardar da ya yago daga littafin makaranta, na sa hannu, ta dangwala yatsa da baƙin tukunya. Takardar na cikin battar Iya tare da kwabon da sulalla bakwai.

Har yanzu ba a sayar ba. Duk ranar kasuwar da ta samu ƙarfin zuwa, takan tsaya a ƙofar zaure ba ta shigowa, ta dogara sanda ta ce, "Malam, Baturen ya zo?"

In ce, "Bai zo ba tukuna, Iya."

Ta ce, "To, kar dai ka wanke shi," don na ba ta wancan labarin ma.